Gwanin Magazin da Ba Ya Riƙe Sifana

Idan aka warware ƙaramar mota guda har zuwa kan ɗan noti, za a ƙirga sassa wajen 30,000. Babu kamfanin da ke ƙera su duka a gidansa. Ko Toyota, da duk girmansa, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ke jikin motarsa a hannun wasu yake saye: wannan ya kawo taya, wancan gilashi, wani kujeru, wani wayoyin wuta. Henry Ford ya taɓa cin burin tara komai a hannunsa. Ya mallaki mahaƙar ƙarfe da ta kwal da jiragen ruwa, a 1928 har ya sa aka sare daji a Barazil aka dasa itatuwan roba don kada ya nemi robar taya a wurin kowa. Cuta da ƙwari suka cinye gandun, a 1945 kamfanin ya sallama shi ga gwamnatin Barazil da mummunar asara. Saboda haka duk wanda ka ji an ce maƙerin mota ne, ka sani fiye da rabin sana'arsa sayayya ce. Mutumin da ke yi masa wannan sayayya kuwa, wanda ya san me za a saya, a hannun wa, yaushe, kuma da wane sharaɗi, gwani ne da ba a cika yi wa kirari ba.

Mu mutanen Kumasi ba sai mun ƙetare teku za mu gan shi ba. Ka fito daga Zango, ka bar fadar Manhyia a bayanka ka nufi shataletalen Suame, tun kafin ka isa ƙarar guduma da ƙaurin walda za su tare ka. Nan ne Magazin, inda aka ƙiyasta mutum wajen 200,000 ke neman abinci a garejoji da shaguna kimanin 12,000. Tun shekarun 1930 kanikawa da maƙera suka fara taruwa kusa da tsohon ma'ajin makaman Turawa a cikin gari, a farkon shekarun 1960 aka mayar da su inda suke yanzu. Baƙo yakan ɗauka gyara kawai ake yi a wurin. Ina! A Magazin ake ƙera bodin tifa da tankin dakon mai da tirela sukutum. A nan ake ƙara wa babbar mota tsawo da ƙafa don ta iya da albasar Nijar ko kayan Wagadugu da Bamako. A nan motar kaya ƙirar Benz da ta gama yayinta a Jamus ko Holan take shiga ba taga ba kujera, ta fito trotro tana kiran fasinja. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana cin kaya iri-iri, daga falen ƙarfe zuwa soson kujera, kuma babu garejin da ke da su a ajiye. Sai an fita an nemo.

A ƙaramin gareji Masta, wato mai garejin, da kansa yake fita. A babba kuwa akwai wanda aka sakar wa aikin, galibi tsohon yaron gida ne da ya gama koyo, aka lura idonsa da bakinsa sun fi hannunsa. Ba shi da ofis, ba shi da takardar shaida. Jarinsa waya ce cike da lambobi, da ɗan littafin bashi a aljihu, da harsuna: Tonanci don 'yan gari, Hausa don mutanen Zango da direbobin arewa, Turancin kasuwa don 'yan Najeriya, da ɗan Faransancin gaisuwa da lissafi don mutanen Burkina da Mali.

Ka tsaya ka kalle shi a gaban injin da aka sauke daga kwantena. Irin waɗannan injuna na hannu, homyus, daga Turai da Japan da Koriya suke zuwa, wasu su biyo ta Dubai, a sauke su a tashar Tema a hauro da su Kumasi. Mai shago ya wanke nasa ya goge, yana ta ƙyalli. Ƙyallin nan ba ya burge mai sayayya. In ma wankin ya yi yawa sai ya ƙara tsuke fuska, don wanki yana ɓoye inda mai ke tsiyaya. Da kawunan notuna zai fara. Notin da sifana ta taɓa ci ba ya ɓuya, gefensa yakan ɗan goge, in kuma ya ga gam ya tsattsafo ta bakin murfi ya san wani ya riga shi shiga cikin injin nan. Sai ya buɗe inda ake zuba baƙin mai ya zura yatsa. Idan yatsan ya fito da wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai, ko gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage, magana ta ƙare. Idan baƙi ne mai kauri da danƙo, mai motar can bai damu da juye ba. Ya sa yaro ya ɗora sifana a karanshaf ya juya sannu a hankali, shi kuma yana lura da yadda kowane fistin ke turjewa. Wanda ya wuce salin-alin, akwai magana a ringi ko a bawul. In tsohon injin dizal ne, a ɗaure masa batir a tayar da shi nan a ƙasa kan tsohuwar taya. Hayaƙi in ya yi shuɗi, injin yana shan mai. Kunne kuma yana can yana jiran wata ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, wadda ke nuna abin yana dab da bugawa.

Wannan duka bakanike mai hankali zai iya koya. Abin da ya raba mai sayayya da shi sai bayan ya miƙe ya goge yatsa yake fitowa.

"Baba Alhaji, an taɓa buɗe kan wannan."

"An buɗe, ɗana, tun can. Wa za a sa wa?"

"Na Masta ne. Motar haya ce, Tamale za ta riƙa yi."

"To bar shi. Shigo daga ciki."

A can ciki, bayan tulin giyabos, akwai injuna biyu ko uku da ba a fito da su bakin hanya ba. Tun ranar da aka fasa kwantena Alhaji ya ware su, ya san waɗanda ya ajiye wa. Baƙo ko ya zo da jaka maƙare da kuɗi, na waje za a nuna masa. Abin da ya buɗe ƙofar cikin nan shekarun biya a kan lokaci ne, da ranar da yaron nan ya dawo da canjin da aka yi kuskuren ba shi, da ta'aziyyar da Masta ya je har gida. Sannan a yanke sharaɗi, wanda sau da yawa ya fi farashin muhimmanci: a kai a ɗaura, a gwada na 'yan kwanaki, in ya ƙi a dawo da shi ba faɗa, rabin kuɗi yanzu, ciko idan mai mota ya biya. Inji mai araha da ba a karɓar sa in ya ƙi ya fi mai tsada tsada, kuma gwanin ya san haka tun kafin ya taya.

Ba kowane kaya yake yi wa ciniki iri ɗaya ba. Sandar walda da notuna da soso da tinar fenti ko'ina akwai su, a kansu yake nuna zafin ciniki: ya taya, a ce albarka, ya wuce shago na gaba, in ya ga farashi ya faɗi ya sari na wata guda. Amma kayan da rai ya rataya a kansu, birki da taya da boris da sandar sitiyari, a nan araha ba ta ado. Jabu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, sai wanda ya saba zai ji bambancin nauyi a hannu ko ya ga rubutun bai fita tas ba. Waɗannan a hannun mutum ɗaya ko biyu yake saye, waɗanda ya san ta inda kayansu ke shigowa, ko da kuwa da ƙari. Motar da aka haɗa a garejinsu za ta hau hanyar Techiman da Kintampo cike da mutane, kuma kowa ya san irin rayukan da hanyar nan ta ci. A 1983 wani masani mai suna Peter Kraljic ya zana wa manyan kamfanoni irin wannan rabe-rabe, gwargwadon tsadar kaya da wahalar samunsa, har yau ana koyar da shi a makarantun kasuwanci. Mutanen Magazin ba su jira shi ba.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne kayan da babu su a shago sam, sai an yi. Fin ɗin da ke riƙe tirela, bushin tsohuwar mota da kamfaninta ya daina bugawa, gindin da za a ɗaura injin wannan kamfani a ƙashin motar wancan. A nan mai sayayya ba ciniki yake yi ba kawai, reno yake yi. Zai ɗauki tsohon da ya lalace a matsayin samfur ya kai wa mai injin fere ƙarfe. Ba zai bar shi ya fere daga kowane rodi ba. Shi da kansa zai bi 'yan kondem, masu tsoffin ƙarafa na Dagomba Line, ya nemo tsohon shaf na babbar mota, don ya san ƙarfen shaf yana da ƙwarin da rodin gini ba shi da shi. Ya ba da kafin alƙalami. Idan na farko ya fito da ɗan sako-sako, ba zai ɗauke aikin ya kai gaba cikin fushi ba. Zai zauna bakin injin su auna tare har a gane inda aka sha bamban. Lokacin da kasuwa ta yi sanyi, yakan nemo wa mutumin ɗan aiki ko da bai matsu da shi ba, don kada ya sallami yaransa ko ya sayar da injin. Kuma akwai abu ɗaya da ba ya yi ko da wasa: dabarar da wannan ya sha wahala ya gano, ba ya ɗaukar ta ya kai wa na gefensa ya ce yi mini irinta a rahusa. Ranar da ya yi haka, ya samu ragin sidi kaɗan, ya kuma rufe wa kansa ƙofar duk wata sabuwar dabara a layin.

Irin wannan reno an taɓa yin sa a babban mataki. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda yau ake kira KNUST, ta buɗe wata cibiyar koyar da fasaha a cikin Magazin ɗin kanta, ITTU, ta kawo injunan fere ƙarfe, daga baya ta koyar da narka ƙarfe da zubi. Masu zuba farantan injin niƙa da ake gani yau a wurin, jikokin wannan aiki ne.

Ɗan Zango bai kamata wannan tsari ya zame masa baƙo ba, don a kansa aka gina unguwarmu. Kakanninmu fatake da suka yi ta zuwa Gwanja neman goro a Salaga suke tsayawa, sarakunan Asante ba su bari su kutsa dajin goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kuma kama Kumasi da Turawan Ingila suka yi, sai suka gangaro, Zango ya cika ya batse a gefen Manhyia. Wanda ya riƙe wannan fatauci shi ne maigida. Ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye, sannan ya tsaya lamuni. Baturiyar nan mai bincike Polly Hill ta yi rubutu a kan tsarin a 1966, har da abin da ta gani tsakanin masu shanu da mahautan Kumasi. Mahauci ya ɗauki sa bashi, baƙon da ya koro shanu daga arewa bai san shi ba, bai san gidansa ba, maigida kawai ya sani. In mahauci ya gaza, a wuyan maigida abin yake. Babu kotu, babu takarda. Abin da ke hana maigida cin amana shi ne baɗi ma yana son baƙon ya sauka gidansa, kuma labari yana riga ayari isa gida. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro daga wannan ƙasa kafin ya zama sarkin sayen gyaɗa a Kano, da irin wannan zaren ya saƙa harkarsa: wakilai da yake ba jari tun kafin kaka, su kuma su riƙe masa amana.

To wannan ita ce dabarar da ta sa Toyota ya yi wa takwarorinsa fintinkau, sai dai su sun sa mata ma'auni da alƙalami. Tun 1943 kamfanin yake da ƙungiyar masu kawo masa kaya, Kyohokai. Yana tura injiniyoyinsa su zauna a masana'antunsu su taya su rage ɓarna. Kada a ɗauka sassauci ne: kullum yana neman a rage masa farashi, amma tare ake zama a nemo inda ragin zai fito, kuma wanda ya yi ƙoƙari ya san aikin mota mai zuwa ma nasa ne. Tsarin da injiniyan kamfanin Taiichi Ohno ya kafa na kada a tara kaya a sito, a kawo su daidai lokacin da za a ɗaura, bai yiwu ba sai don masu kawo kayan suna kewaye da masana'antar, kuma an yarda da su. Garejin Magazin ma ai ba ya ajiya. Layin shagunan da ke bayansa shi ne sitonsa.

An gwada ƙarfin wannan zumunci ranar Asabar 1 ga Fabrairun 1997. Gobara ta cinye masana'antar kamfanin Aisin da ke garin Kariya a Japan, inda ake yin wani ɗan bawul mai daidaita ƙarfin birki tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Abu ne na 'yan daloli, amma kusan duk motocin Toyota daga wannan gida ɗaya suke samun sa, kuma abin da ke hannu bai wuce na 'yan kwanaki ba. Layukan haɗa mota suka tsaya cak, masana suka ce sai an yi makonni. Aisin ya rarraba zanen bawul ɗin ga duk mai iya taimakawa. Kamfanoni sama da 60 suka karkatar da injunansu suka shiga yin abin da ba su taɓa yi ba, cikinsu har da Brother mai keken ɗinki. Ba su tsaya jiran a yi ciniki ko a sa hannu a takarda ba. Kafin mako ya zagayo motoci sun ci gaba da fita. Daga baya Toyota ya ba manyan masu kawo masa kaya tukuicin kashi 1 cikin ɗari na cinikin da suka yi da shi daga Janairu zuwa Maris na shekarar.

Wata guda kafin wannan gobara aka rufe wata shari'a da ke nuna ɗaya hanyar. A 1992 kamfanin General Motors na Amurka ya ɗora wani ɗan Sifaniya, José Ignacio López, a kan sayayyarsa. Mutumin ya warware kwangilolin da aka riga aka ƙulla, ya sake buɗe tayi, ya matsa wa kowa lamba ya rage farashi. Masu kawo kaya suka yi ta kukan ana nuna wa abokan hamayyarsu zanen da suka kashe dukiya a kai. Kamfanin ya tsimi biliyoyin daloli cikin ɗan lokaci, aka yi ta yi wa López tafi. A Maris 1993 ya tsallaka Volkswagen, GM ya zarge shi da tafiya da takardun sirri, a Janairun 1997 Volkswagen ya yarda ya biya dala miliyan 100 ya kuma sayi kayan dala biliyan 1 a hannun GM don a kashe maganar. An yi shekaru bayan haka in aka tambayi masu kawo kaya a Amurka wa suka fi son hulɗa da shi, Toyota da Honda ne suka riƙa fitowa a sama, GM a can ƙasa. Sabuwar dabara in ta samu, kowa ya san gidan da ake fara kai wa.

Sai dai gobarar Aisin ta kuma nuna haɗarin rataya a igiya ɗaya, kuma gwanin Magazin yana da nasa maganin. Ko yana da amininsa, yakan riƙa ba wani na biyu ɗan aiki jefi-jefi, don hanyar ta zauna a buɗe. Har ya wuce nan: yakan bincika uban kayan. Shaguna biyu na iya zama a layi daban da suna daban, alhali daga kwantenar mutum ɗaya suke sari. In ta maƙale a Tema, duka biyun sun bushe. A Yunin 2019, da rikici ya tashi tsakanin 'yan kasuwar gida da 'yan Najeriya masu sayar da kayan gyara har aka rufe shaguna a Magazin, wanda duk hanyarsa ta bi ta gefe ɗaya ya ji a jikinsa. Toyota ma sai da girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta koya masa wannan karatu. Ya tarar manyan masu kawo masa kaya daban-daban ashe a can ƙasa wurin ƙananan masana'antu ɗaya suke ɗiba. Ya zauna ya bi salsalar kayansa hawa-hawa, ya kuma sa a riƙa ajiye ƙwayoyin lantarkin da ke sarrafa mota na wata biyu zuwa shida. Da ƙarancinsu ya buga duniya a 2021, a shekarar ya fi GM sayar da motoci a cikin Amurka, abin da wani kamfani bai yi ba tun 1931.

Jarrabawar Kumasi kuwa a 2022 ta zo. A farkon shekarar dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14 a wurin 'yan canji, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Mai shagon da ya ba da kaya bashi a watan Yuni, kuɗin da za a biya shi a Oktoba ba za su sake sayo yawan kayan da ya bayar ba. Da yawa suka daina ba da bashi, wasu suka ƙi sayarwa ma, gara kaya su zauna. A irin wannan lokaci ake gane wanda ya iya. Ya gajarta wa'adi, ya tura kuɗi ta waya, wato MoMo, ranar da mai mota ya biya ba tare da sun kwana a hannunsa ba, in an daɗe ya ƙara wani abu a kan tsohon farashi tun ba a roƙe shi ba. A ido asara ce. Amma shi ne wanda aka ci gaba da ce wa shigo daga ciki.

Ba zan ce sana'ar ba ta da ƙura ba. La'ada ta san kowa. Akwai mai sayayyar da ke kai kuɗin Masta shagon da ke ba shi na goro a bayan fage, akwai wanda ya maƙale wa shagon surukinsa ko kayan sun lalace, sabo turken wawa. Masta mai wayo yakan buga waya kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a Ankara lokaci-lokaci ya ji farashi, ba don ya saya can ba, don yaronsa da aminansa su san idonsa biyu.

Akwai kuma iyakar da gwanintar Magazin ba ta tsallake ba tukuna. A 2013 ƙungiyar SMIDO ta masu sana'ar wurin, tare da wasu 'yan Holan biyu, Melle Smets da Joost van Onna, suka haɗa mota sukutum cikin mako 12 daga sassan da aka tsinto a Magazin, aka sa mata suna SMATI Turtle, har aka kai ta Holan aka nuna. Abin alfahari ne. Amma ƙera mota ɗaya daban, ƙera dubu masu kama da juna daban. Kayan hannu ba sa zuwa iri ɗaya sau biyu, kuma wanda ke aiki da samfur maimakon zane da ma'auni, na ɗarinsa ba zai yi daidai da na farkonsa ba. Kafin mai fere ƙarfe ya sayi sabon inji da kayan awo, sai ya tabbata akwai mai saye na shekaru. Shi kuma mai sayayya ba ya iya yin wannan alkawari sai gidansa na da oda mai ɗorewa. Mun ga misali a garin nan. Kamfanin Neoplan, wanda gwamnatin Gana da Jamusawa suka kafa a Kumasi a 1974, ya daɗe yana gina bodin bas a kan ƙashi da injin da ake shigowa da su, har ya haɗa wa kamfanin sufuri na Metro Mass Transit ɗaruruwa. Da odar gwamnati ta ƙafe, a farkon 2020 sai da shugabanninsa suka ba da sanarwar za su rufe.

Yanzu an sake ɗaura ɗamara. Manufar gwamnati ta bunƙasa haɗa motoci ta 2019 ta yi alkawarin hutun haraji na shekara 5 ga masu haɗa motar da ta zo rabi a haɗe, shekara 10 ga masu haɗawa daga warwararrun sassa. Volkswagen ya fara a 2020, Toyota ya buɗe a Tema a 2021, Nissan ya biyo a 2022, ga kuma Kantanka na gida a Gomoa Mpota. Dokar kwastan ta 2020 ta so hana shigo da motocin da suka yi haɗari da waɗanda suka haura shekara 10, masu sayar da motoci da kayan gyara suka yi ca, aka dakatar da wannan ɓangare. A nawa ganin, muddin inji da giyabos da kusan komai a akwati suke isowa Tema, ɗaure noti muke yi, ƙera mota da saura. Ranar da za a ce an fara ita ce ranar da mai sayayyar ɗaya daga cikin kamfanonin nan zai zo Suame da zane a hannu, ya zaɓi masu yin salansa ko sifirin ko ƙarfen kujera, ya zauna da su har kayansu su ci jarrabawa, ya kuma ba su odar shekaru a rubuce.

In ranar ta zo, za a nemi wanda ya san zane da ma'auni, ya kuma san layukan Magazin da mutanensu. Don haka iyayen Zango masu kai yara koyon aiki, kada ku tsaya a walda da gyaran inji kaɗai. Yaron da kuka ga yana da riƙon amana da kan lissafi, ku bar shi ya gama makaranta, ya koyi karanta zanen injiniya da aiki da kwamfuta, sannan ku roƙi Masta ya haɗa shi da mai fita sayayya ya riƙa bin sa kasuwa.